Ramin Dalyop

Camberwell, Landan
14 ga Satumba

Gwaggo Fauzia,

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da Baba Mutawakil da duk mutanen gida. Yaya ciwon gwiwar? Ni ƙalau nake, sai 'yar mura da na kwasa a jirgi, ita ma ta wuce.

Na ga kiranki sau huɗu. In na ɗaga waya rasa abin faɗa nake yi, shi ya sa na rubuta a takarda, zan ɗauki hotonta in turo miki. In ba damuwa, ke ma ki riƙa yi mini haka.

Mu goma sha bakwai ne a wannan zangon karatun. Yawanci 'yan Amirka, biyu daga Koriya, ɗaya daga Kenya, sai ni. An sauke mu a wani tsohon gida da ke bayan coci. Ƙarfe bakwai muke addu'ar safe, mu karya, mu hau bas zuwa Bloomsbury inda ake mana darasi kan ƙasa da ruwa da yadda ya kamata Kirista ya kula da abin da Allah ya halitta. Duk ranar Alhamis muna fita gani da ido. Ranar fita ana karɓe wayoyinmu a zuba a jaka ɗaya, wai don mu kalli abin da muka je kallo.

Ɗakinmu mu biyu ne, ni da wata Bethany. Tana da kirki. Makon jiya an kai mu wani daji mai tsofaffin itatuwa, ta rungumi ɗaya tana hawaye. An ba kowa littafi ya rubuta abin da ya ji a ransa. Ni sunayen itatuwan na rubuta, da kaurin kowanne.

Ranar farko an ce kowa ya faɗi 'yan uwansa nawa. Na ce ɗaya, yayana, Dalyop. Ba wanda ya ƙara tambaya, ni ma ban ƙara komai ba.

Ki gaida Mama in kin je. Ki ce mata ina cin abinci.

'Yarki,
Chundung

Bukuru
22 ga Satumba

'Yata Chundung,

Salama a gare ki. Mun ga takardarki, mun gode Allah da kika sauka lafiya. Gwiwa da sauƙi, sai in hadari ya haɗo. Babanku Mutawakil yana gaishe ki, ya ce ki sayi safa mai kauri tun kafin sanyi ya shigo.

Ranar Laraba na je wurin uwarki. Ta rame, amma tana tashi tana shara. Na karanta mata takardarki sau biyu. Da na zo inda kika ce ɗan uwanki ɗaya, ta ce in tsaya, ta fita waje, ta daɗe kafin ta dawo.

Yanzu ga maganar da ta sa nake ta kiranki. Yau kwana arba'in da huɗu ke nan da ramin kuza ya rufta da Dalyop. Kina nan aka yi kwana huɗu ana tono har ruwa ya cika wurin aka haƙura. Har yau yana ciki. Mai unguwa ya ce da zarar damina ta ɗauke, ɗayan biyu za a yi: ko a ja ruwan da inji a sake shiga a fito da shi a binne shi kusa da kabarin mahaifinku, ko a cike ramin da ƙasa a kafa gicciye a kai, fasto ya yi addu'a, nan ya zama kabarinsa. Ya ce maganar iyali ce, ba zai sa baki ba.

Haggai, abokin tononsa, wanda yake riƙe da igiya a sama ranar, ya rantse shi zai sauka. Ya samu mutum uku da za su bi shi.

Uwarki ta ƙi zaɓa. Abin da ta ce kawai: "Chundung ce ta karanta ƙasa. Abin da ta ce, shi za a yi."

Na san nauyi ne, kuma ba ki nema ba. Amma ke kaɗai ta rage mata. Ki yi tunani ki ba mu amsa.

Akwai 'yar ƙanen mijina a nan Landan, Zubaida, a wata unguwa Catford. Na ba ta lambarki. Ki je ki ci tuwo.

Gwaggonki,
Fauzia

Camberwell
6 ga Oktoba

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ina fatan gwiwa ta ƙara sauƙi kuma Mama tana samun barci. Ni lafiya. Na sayi safar.

Ranar Alhamis an kai mu wani ƙaramin rafi, ashe a Catford ɗin yake. An ba mu wandon roba mai haɗe da takalmi, ya kai har ƙirji. Muka shiga ruwa da raga, muna tayar da laka da ƙafa, muna kama ƙananan ƙwarin da ke ƙarƙashin duwatsu. Malamarmu, Dokta Harriet, ta ce daga irin ƙwarin da aka samu ake gane ko ruwa yana da rai. Na ƙirga ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ta ce ba ta taɓa samun ɗaliba mai haƙurin ƙirga irina ba.

Ruwan ya kai mini cinya. Na yi zaton in na shiga wani abu zai faru da ni, ko in firgita, ko in yi kuka. Sanyi kawai na ji ta cikin robar.

Da muka gama na nemi izini na wuce flat ɗin Anti Zubaida. Ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe. 'Ya'yanta suna jin Hausa amma da Turanci suke amsawa. Ta riƙe hannuna ta ce, "An gaya mini. Allah ya ba ku haƙuri." Na ce amin. Ta jira in ƙara wani abu, ni kuma ina kallon agogon bangonta don kada bas ya wuce ni. Ki ba ta haƙuri, kada ta ɗauka ban ji daɗin zuwan ba.

Ranar Talatar da ta wuce ni ce da girki. Na dafa musu gwate da acca ɗin da na zo da ita. Ɗan Kenyan ya ƙara sau biyu. Bayan cin abinci ana zama a da'ira, kowa ya faɗi abin da yake so a yi masa addu'a a kai. In an zo kaina, cewa nake a yi mini addu'a kan jarrabawa.

Na ga abin da kika rubuta. Na karanta.

Chundung

Bukuru
19 ga Oktoba

Chundung,

Muna lafiya, da fatan ke ma haka. Taƙaitacciya ce wannan.

Ruwa ya ɗauke kwana tara ke nan. Haggai ya yi hayar injin jan ruwa, ya ajiye a gidan uwarki. Kullum da safe tana fitowa ta gan shi a tsakar gida. Sun tsayar da farkon watan gobe.

Kin ba ni labarin ƙwari ɗari biyu da goma sha ɗaya. Na gode. Amma ba shi na tambaye ki ba.

Fauzia

Camberwell
27 ga Oktoba

Gwaggo,

Ina gaishe ki da Baba. Ki yi haƙuri da jinkiri, kwana huɗu muka yi a wani yanki da ake kira Cornwall, can ƙarshen ƙasar a bakin teku. Lafiyata ƙalau.

Ban san abin da za mu gani ba sai da muka sauka daga mota. Gwaggo, kuza suke haƙa a da. Irin tamu. Na ga jar ƙasar da aka tara, wadda ciyawa ba ta fitowa a kai, na ga kududdufai masu koren ruwa kamar na bayan gidanmu. Na tsaya ina jira wani ya kira ni da yarenmu na Berom.

Wani tsoho ne ya zagaya da mu, shi ma ya yi aikin rami da ƙuruciyarsa. Ya kai mu wani wuri a kan tudu inda aka zuba kankare mai faɗi kamar ɗaki, da ƙarfe a tsakiya. Ya ce a nan ƙasa akwai rami mai zurfin gaske, kuma tun zamanin kakansa akwai mutum biyu a ciki da ba a fito da su ba. Bethany ta tambaye shi me ya sa. Ya ce, "An gwada. Sai aka ga za a ƙara musu na uku."

Na tambaye shi, "Iyalansu fa?"

Ya ce, "Suna zuwa nan. Jikar ɗayansu ita ke sayar da shayi a ƙasa."

Sauran suka wuce, ni na zauna a kan kankaren. Iska tana kaɗawa, tumaki suna kiwo a gefe. Ba ƙarar inji, ba mai kuka, ba mai jiran kowa ya ce wani abu. Na yi kusan awa ɗaya. Tun watan Agusta ban zauna a wurin da ya fi mini sauƙi ba. An rufe, kowa ya huta. Har Dokta Harriet ta dawo nemana ta ce mota tana jira.

Da yamma a wurin addu'a aka ce mu yi tunani kan raunin da mutum yake yi wa ƙasa. Wani ya ce masu haƙa rami kwaɗayi ne ke kai su. Na tuna Dalyop yana wanke kuza a faranti yana waƙa da muryar nan tasa marar daɗi.

Gobe da asuba za mu tafi arewacin ƙasar, wani tsibiri, kwana goma. Ba waya gaba ɗaya. In na dawo zan zauna in rubuta miki sosai.

Chundung

Bukuru
4 ga Nuwamba

'Yata,

Salama. Kowa lafiya. Na san ba za ki ga wannan ba sai kin dawo, amma gara ki same ta tana jiranki.

An rufe ramin jiya Asabar.

Na kai wa uwarki amsarki ranar da ta iso. Na karanta mata inda kika ce a rufe kowa ya huta. Ta ce, "To. Ta faɗa." Ta aika aka kira Haggai. Ya zo ya tsaya a ƙofa, ya ce, "Mama, ni na riƙe igiyar. Ki bar ni in ɗauko shi." Ta ce masa, "Ƙanwarsa ta ga irin ramin a can, ta ce a rufe. Ka mayar da injin." Ya zauna a ƙasa a wurin, ya daɗe, sannan ya tashi ya ɗauka.

Tifa shida na ƙasa aka zuba. Matan coci sun zo da yawa, mu ma daga nan mun je mota biyu. Fastonku ya yi addu'a, aka kafa gicciyen ƙarfe da sunansa. Haggai ne ya haɗa simintin da hannunsa. Uwarki ba ta faɗi ba, ba ta yi ihu ba. Da aka gama ta ce tana jin yunwa, ta ci abinci sosai, karo na farko da na gani.

Kin sauke mana nauyi. Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki,
Fauzia

Camberwell
8 ga Nuwamba

Gwaggo,

Jiya muka dawo. An ba mu wayoyinmu a tashar jirgin ƙasa, a nan na karanta.

Ban ce a rufe ba.

Na duba hoton takardata sau da yawa. "An rufe" na rubuta. Akwai n a wurin, ana ganinta. Labarin ramin Turawa nake ba ki, ba na Dalyop ba. Na ce in na dawo zan rubuta miki sosai. Amsar ke nan nake nufin zan rubuta. Kwana goma na yi a tsibirin nan ina ƙirga tsuntsaye a kan duwatsu, ina shirya tambayoyin da zan aiko wa Haggai: zurfin ramin, irin ƙasar bangonsa, inda ruwa ya tsaya. Na rubuta su goma sha huɗu. Suna nan a littafina.

Ban san abin da zan ce ba da an ba ni amsarsu. Wataƙila in ce a rufe. Wataƙila in ce a jira Janairu ƙasa ta bushe sosai, ina gida. Yanzu ba zan sani ba.

Ina zaune a tashar, Bethany ta ce me ya faru. Na ce an binne yayana. Ta ce, "Yaushe ya rasu?" Na ce Agusta. Ta dube ni. Ta ɗauki jakata ta haɗa da tata har gida.

Ba faɗa nake yi ba, Gwaggo. Na nemi fushin ban same shi ba. Ina so dai ki san ba haka na rubuta ba. Ko hoton ne bai fito da kyau ba?

Chundung

Bukuru
12 ga Nuwamba

Chundung,

Ina gaishe ki. Jiki da sauƙi. Kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Hoton ya fito da kyau. Shekara talatin na yi ina aikin jinya ina karanta rubutun likitoci, naki ba zai gagare ni ba. Na ga n ɗin. Da na zo wurin, na tsallake ta da bakina.

Ga abin da ba ki sani ba. Kwana biyu kafin takardarki ta iso, matar Haggai ta zo gidana da goyo a bayanta. Ba ta taɓa zuwa ba. Ta durƙusa ta ce, "Mama, ba ya barci. Ya ce in bai fito da shi ba gara ya zauna tare da shi." Washegari na sa aka kai ni bakin ramin. Ban karanta ƙasa ba, amma na ga tsaga a gefe wadda hannuna yake shiga har wuyan hannu. Na jefa dutse, bangon ya zubo da kansa.

Na je wa uwarki da maganar. Ta ce, "Fauzia, in na ce a bar shi, ni na bar ɗana a rami. In ke kika ce, za a ce ba ke kika haife shi ba." Ta san abin da ya kamata. Bakin da zai faɗa take nema, kuma naki kaɗai za ta karɓa. Ke kuma wata ɗaya da rabi ina tambayarki kina ba ni labarin itatuwa. Ga shi ranar Litinin ɗin su Haggai za su kunna inji.

Na yi miki ƙarya a bakinki. Na ɗora miki abin da ba ki ɗauka ba, kuma na rubuto ina sa miki albarka a kai kamar ban san komai ba. Wannan na biyun ya fi damuna. Na roƙi gafarar Allah a sallata, yanzu ina roƙon taki. Ban ce da za a sake ba zan yi ba. Zan yi.

Ko Babanku bai sani ba. In kina so in je in gaya wa uwarki gaskiya, ki faɗa, zan je ranar. Wannan karon zan jira har ki faɗa da bakinki.

Fauzia

Camberwell
30 ga Nuwamba

Gwaggo Fauzia,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Sanyi ya shigo sosai, ƙarfe huɗu duhu yake yi. Lafiyata ƙalau. Saura mako biyu mu gama, kowa yana rubuta rahotonsa na ƙarshe.

Na daɗe ban amsa ba. Ba don in hukunta ki ba ne.

Na je ofishin Dokta Harriet da hotunan ramin da ke wayata da abin da kika faɗa game da tsagar. Na gaya mata komai, ita ce ta farko. Na ce ta faɗa mini ko da an shiga zai rufta. Ta daɗe tana duba hotunan. Ta ce, "Chundung, ba wanda zai iya faɗa miki daga hoto. In na ce e ko a'a, don in kwantar miki da hankali ne kawai." Ta tambaya ko ina so ta yi addu'a. Na ce ba yanzu ba. Ta ce to, ta haɗa mini shayi, muka zauna har aka kira ta aji.

Ranar Lahadi bayan sujada a coci na kira Mama. Tun da na zo ban ji muryarta ba. Ta tambaye ni sanyi, ta tambaye ni abinci. Ta ce Haggai ya bar tono, yana koyon walda a Bukuru. Ta ce duk ranar Asabar tana zuwa wurin da tsintsiya. Sannan ta ce, "Na gode da kika faɗa. Ni da ban iya ba."

Na riƙe wayar. Ina jin kaji a bayanta. Na ce, "To, Mama."

Saboda haka kada ki je. Ni na faɗa. Daga ranar Lahadin nan ya zama nawa, ba a bakinki yake ba kuma.

Batun gafara, ba zan rubuta miki abin da ban ji ba. Ban yafe ba tukuna, ban kuma riƙe ki ba. Ina jira in ga wanda zai fara zuwa. Bayan na ajiye wayar na shiga kicin don ranar girkina ce, na tsaya da wuƙa da albasa, na kasa yankawa. Bethany ta karɓa ta yanka. Wannan ne kawai abin da ya faru, amma ya faru.

Na yi booking, jirgina zai sauka Abuja ranar sha tara ga Disamba, washegari in hau mota zuwa Jos. Kada a tara mutane a tasha. Kafin in shiga gida ina so in je wurin, kuma ba na so Mama ta ga fuskata a karon farko. Ke kika ga tsagar, ke kika san inda bakin ramin yake kafin a zuba ƙasa. Ki zo da sandarki, za mu tafi a hankali. Ki nuna mini daidai inda yake.

'Yarki,
Chundung